Zaɓi da Sauƙi a Buɗaɗɗiyar Manhaja: Ina Matsayin Haruffa Masu Ƙugiya?

Akwai daɗaɗɗiyar muhawara tsakanin masu ƙera buɗaɗɗun manhajoji, wato manhajojin da kowa ke da damar duba cikinsu, ya gyara, ya rarraba. Muhawarar ta fi zafi a kan farfajiyar kwamfuta, wurin da mai aiki yake ganin tagogi da gumaka da madannai. KDE, wadda Matthias Ettrich ya fara a 1996, ta yi suna wajen bai wa mutum damar sauya kusan komai. Ita kuwa GNOME, wadda Miguel de Icaza da Federico Mena suka assasa a 1997, ta karkata ga rage zaɓuɓɓuka. A 2002 Havoc Pennington ya kafa wa wannan ɓangare hujja cewa kowane zaɓi yana da farashi: sai an gwada shi, an kula da shi, kuma yana iya cin karo da wani zaɓin. Da GNOME 3 ta fito a 2011 ba tare da abubuwa da dama da aka saba da su ba, wasu suka ɓalle suka kafa MATE, masu Linux Mint kuma suka samar da Cinnamon.

Hujjar Pennington ba ta wasa ba ce. Sai dai ta bar wata tambaya a buɗe, wadda ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye: wane ne ke yanke hukuncin cewa wannan zaɓi larura ne, wancan kuma ado? Galibi mai ƙera manhajar ne, wanda harshensa ya riga ya zauna daram a kan allon madannai tun daga masana'anta.

A ƙaddara wani Bahaushe ɗan kasuwa da ke zaune a Silet, a yammacin Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, inda fatake daga Agadas da Maraɗi ba baƙi ba ne a yankin. Takardar hukuma da Larabci zai rubuta ta. Kwamfutar da zai samu a kasuwa mai yiwuwa tsarin madannan Faransanci gare ta. Maƙwabtansa Buzaye suna da rubutunsu na Tifinag, wanda ya shiga tsarin Unicode a 2005. In kuma zai aika wasiƙa gida, yana buƙatar ɓ da ɗ da ƙ. Yawan tsare-tsaren madannai a wurin wannan mutum ba tarkace ba ne, domin in an cire ƙugiya sai ƙafa ta koma kafa, baƙi su koma baki, ɗaki ya koma daki. Waɗannan haruffa suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, amma har yau ana ganin kundayen digiri da aka buga ba tare da su ba, ko aka bi su da biro ana lanƙwasawa. Wannan abin kunya ne da aka daɗe ana ɗora wa na'ura.

Madannin haɗa haruffa ya isa misali. Da shi ake danna alamu biyu ko uku a fitar da harafin da babu shi a allo, kuma mutum yana iya ƙara nasa haɗe-haɗen. GNOME ta yi shekaru da ajiye saitinsa a wata manhaja ta daban mai suna Tweaks, kafin ta dawo da shi cikin ainihin saituna a GNOME 40, a 2021. Abin da aka ɗauka kayan ƙwararru ne, ashe wasu ba sa iya rubuta sunan garinsu sai da shi.

Amma masu kiran a ƙara zaɓi su ma ba su tsira ba. Wanda ya nemi Hausa a Linux zai tarar da tsarin madannai biyu, ɗaya a ƙarƙashin Nijeriya, ɗaya a ƙarƙashin Gana. Bayan haka ga IBus ga Fcitx, hanyoyi biyu na shigar da rubutu, ga kuma tsohon tsarin X11 da sabon Wayland. Ɗalibin da ya zauna don rubuta jinga a kan karin sauti bai zo koyon wannan ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sannan wani ɓangare na ruɗanin daga gida ya taso: ƙa'idar rubutu ta Nijar tana amfani da ƴ, ta Nijeriya kuma 'y, don haka ko maƙerin da ya fi kowa kyakkyawar niyya sai ya tsaya ya tambayi wanne zai sa a gaba.

Saboda haka ya kamata a raba zaɓi gida biyu. Launin taga da wurin zaman agogo ana iya rage su, ba wanda zai yi asara. Harafi da rubutu da harshe kuwa su kasance a fili, kuma wanda ya zaɓi Hausa lokacin girka manhaja ya tarar da ƙugiyoyinsa suna aiki ba tare da ya tono komai ba. Haka ajami: SIL ta fitar da salon haruffa na Alkalami bisa rubutun Kano, a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, amma sai wanda ya ji labarinsa ke nemo shi.

Wannan aiki ba sai an jira Turai ba, tunda ƙofar gyara a buɗe take. Sassan nazarin harsuna na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna iya daidaita tsarin madannai guda mai ɗauke da ƴ da 'y duka, su miƙa shi ga masu kula da xkeyboard-config, rumbun da GNOME da KDE duka suke ɗebo tsare-tsarensu.