Zauren Magidanta: Ranar da mota ta yi shiru a bakin gada

 

A watan Yunin da ya gabata, lokacin da ruwan sama ya matsa wa Abijan, na ɗauko surukata daga Adjamé zan kai ta ganin likita a Treichville. Mun ratsa Plateau cikin cunkoso, muna dab da hawa gadar De Gaulle, sai injin ya mutu ba tari ba gargaɗi. Na murɗa makulli, yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Matasa suka taya ni tura ta gefe, na sa Hajiya a tasi, ni kuwa na tsaya cikin yayyafi. Bayan kamar rabin awa na sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba.

Washegari na kai ta wani gareji. Aka ce buji ne, na saya. Bayan kwana biyu ta sake mutuwa, aka ce famfon fetur ne, na saya. A mako na uku ta maimaita, kuɗin makarantar yara ya fara taɓuwa, zuciyata kuma ta fara raya mini cewa cutata ake yi. Sai wani maƙwabci ya haɗa ni da wani dattijon bakanike a Adjamé. Bai ko buɗe gaban motar ba, ya ce, “Alhaji, zauna ka ba ni labari. Da zafi take mutuwa ko da sanyi?” Na ce, “Da zafi, Baba, in ta huce kuma ta tashi.” Ya gyaɗa kai.

Abin da ya koya mini shi ne nake so in raba da ku. Injin fetur yana bukatar iska da mai da tartsatsin wuta, kuma kowanne a daidai lokacinsa. A motocin zamani kwamfuta ce ke tsara wannan lokaci, ita kuwa tana sanin juyin injin ne ta hanyar wata 'yar na'ura da ba ta wuce tsawon yatsa ba, wadda makanikanmu ke kira capteur PMH. Tana kusa da wani faifai mai haƙora da ke juyawa tare da babban sandan injin, tana ƙirga haƙoran tana kai rahoto. In ta yi shiru, a yawancin motoci kwamfuta sai ta hana wuta ta hana mai. Wadda ta tsufa takan gaza in ta ɗau zafi, ta farfaɗo in ta huce.

Dattijon bai yarda da zatonsa ba sai da ya gwada. Ya bar motar tana aiki har ta mutu. Ya murɗa makulli ya kasa kunne, ya ji ƙugin famfon mai, wato famfon yana aiki. Ya duba fis-fis, babu wanda ya ƙone. Ya nuna mini allurar da ke auna juyin inji: ana ta murɗawa, ba ta ko motsi. Sannan ya jona na'urar bincike, wadda ake kira valise, a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. An wajabta wannan kafa a Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga motocin fetur. Lamba ta fito: P0335. Ya ce, “Wannan lamba unguwa ta nuna mana, ba ta nuna gida ba. Yana iya zama na'urar, yana iya zama wayarta.” Ya bi wayar da yatsa, bai sami ƙuna ko tsatsa ba.

Sai da injin ya huce ya fara cirewa. Ya zare makulli, ya kwance kan batir na ɓangaren debewa. Ya danna harshen soket ɗin ya zare a hankali, ba tare da jan waya ba. Ya kwance noti guda da sifana lamba 10. Na'urar ta maƙale, yaronsa ya ɗauko sukundireba zai ɓanɓare, ya daka masa tsawa, domin roba ce da zafi ya gasa shekara da shekaru, in ta karye a ciki aikin minti 20 ya zama na yini guda. Ya riƙa murza ta dama da hagu har ta fito. Ga ta a tsage, bakinta cike da garin ƙarfe. Ya sa sabuwa, ya mayar da batir, ya share lambar. Daga ranar ba ta sake kunyata ni ba.

Da na koma gida na yi lissafi, kayan da na saya a banza sun fi ainihin gyaran tsada nesa ba kusa ba. Na kuma gane cewa masu garejin farko ba lalle ne ha'inci suka yi ba. Gaggawa suka yi, ni ma na taya su, domin ni ne na tsaya a kansu ina cewa a sallame ni kafin azahar. Suratul Hujurati ta hore mu da tabbatar da labari kafin yanke hukunci, ta kuma gargaɗe mu game da yawan zato. Na karya duka biyun a kan mota guda.

Don haka, ya ɗan'uwa magidanci, in motarka ta mutu, lura da lokacin da yanayin, ka faɗa wa bakanike dalla-dalla. Kafin ka ciro kuɗi, tambaye shi gwajin da ya yi, ka kuma karɓi tsohon abin da aka cire. Ku kuma 'yan'uwanmu makanikai, motar da aka kawo muku amana ce, wani lokaci abincin gida guda ne ke rataye a kanta. Wanda ya ce “ban gano ba tukuna” ya fi wanda ya sa talaka sayen abin da ba ya bukata.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a neman halalinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.