In Maganin Wankin Ciki Ya Ƙi Aiki, a Daina Ƙara Shi



Yau ina so in taɓo matsalar da da yawanmu ke fama da ita amma kunya ta hana a faɗa, wato ɗaurewar ciki, mutum ya yi mako bai zaga sau uku ba, in ya je ma sai da nishi. Daga Agege har Sabon Ibadan maganarmu ɗaya ce, wai basir ne. Sai a sha filasko, a sha jiƙon Yarbawa na agbo, a ƙara da ƙwayar kemis, in bai yi ba gobe a ninka.

Ni a ganina in magani ya ƙi aiki, sanadin ciwon ya kamata a nema. Wanda ke shan tramadol don ya jure dako ko acaba, ko maganin tari mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018, ya sani su ne ke kashe motsin hanji. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu tana ɗaure ciki, haka ciwon suga da ya daɗe. Wani kuma naman duburarsa ne ba ya saki lokacin nishi, komai laushin bayan gidan ba ya fita. Wannan ko buhun filasko ya sha ba zai warke ba, sai likita ya duba shi.

Zaman nan ma da nasa laifin. Mun bar miyar kuka da zogale mun koma shayi da burodi da Indomie, ga matse bayan gida a kasuwa don gudun banɗakin kuɗi. A yawaita wake da ganye da ruwa, kuma in ya taho a je. Mai masan zama ya ɗora ƙafafunsa kan ɗan kujera, don tsugunno ya fi buɗe hanya.

Amma in akwai jini, ko rama ba dalili, ko abin ya fara bayan shekara 45, a je asibiti, don sankarar hanji kan fara da haka. Ita ta kashe ɗan wasan Amurka Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43. In kuwa ciki ya kumbura, ga amai, ko tusa ba ta fita, kada a kwana a gida.

Allah ya ƙara mana lafiya.