Takardar Gwaji da Shaidar Zur

A 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyata daga ƙasashen waje sauke farali. Da Saudiyya ta sake buɗe ƙofa a 2022, sai ta gindaya sharuɗɗa: allurar riga-kafi, shekaru ƙasa da 65, da gwajin cutar cikin awa 72 kafin tashi.

Mun san nauyin wannan a kan 'yan'uwa na Ƙaraye da Rogo. Manomi ya yi shekaru yana sayar da masara yana tara kuɗin kujera, sannan sakamakon gwaji guda ya iya hana shi hawa jirgi a Kano. Lalle akwai ciwo.

Amma ba mu ga uzurin mai sayen takardar bogi ba. Wannan shaidar zur ce, ko da Ka'aba aka nufa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba. Dattawanmu kuma ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya sa aka hana 'yan Nijeriya aikin Hajji.

An janye gwajin korona, amma allurar sanƙarau tana nan cikin sharuɗɗa. Mai niyyar tafiya ya miƙa dantsensa a yi masa, kada ya aika a karɓo masa kati.