Wa Ya Ce Magajin Alƙalami Jabu Ne?

A wajen masu kasa tsofaffin littattafai a Babbar Kasuwar Katsina akwai wata fatawa da ba a ja da ita: duk labarin leƙen asirin da wani ya ɗora bayan mutuwar mai shi, jabu ne. Mai saye zai ɗaga littafin Jason Bourne, ya ga sunan Robert Ludlum ɓaro-ɓaro, na Eric Van Lustbader kuma a ƙasa, sai ya ajiye ya ce, "Alhaji, babu na asalin?" Ko shafi ɗaya bai buɗe ba.

Ni dai ban karɓi fatawar nan ba.

A ɗauki James Bond. Mai shi, Ian Fleming, ya mutu a 1964. Littafinsa The Man with the Golden Gun ya fito a 1965 bai kai ga gama tace shi ba, shi ya sa ya fito lami, kamar miyar da aka sauke ba daddawa. A 1968 Kingsley Amis ya fitar da Colonel Sun da sunan aro, Robert Markham: labari a ɗaure tam, mugun cikinsa kuwa sai ya tayar maka da tsikar jiki. To wanne ne jabun? Fleming ɗin ma da ake kambamawa, a duba yadda ya siffanta baƙar fata a Live and Let Die na 1954, har masu haƙƙin littattafansa suka goge wasu kalmomin a bugun 2023. Amma mu ne masu yi masa kara.

Nick Carter fa, da yayyenmu suka riƙa ɓoyewa cikin littafin lissafi a sakandare? Sama da littattafai 250 ne daga 1964 zuwa 1990, duk aikin marubutan haya ne barkatai. Ba wanda ya nemi na asali.

Balle a Katsina, inda Abubakar Imam yake koyarwa a makarantar Midil ya rubuta Ruwan Bagaja. Labarai da dama na Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya ɗebo su, ya sa musu rigar Hausa. Wa ya isa ya kira shi ɗan jabu?

Ban ce duk magaji gwani ne ba. Ludlum uku kacal ya rubuta na Bourne. Lustbader ya jero sama da goma tun daga 2004, wasunsu kuwa neman kuɗi ne tsagwaronsa. Mai son zagi ya zagi kamfanin ɗab'in da ke kasuwanci da sunan mamaci, amma ya karanta babi uku tukuna.