Mu Waiwayi Tauraruwa Mai Wutsiya

Duk harshen da marubutansa ba sa hasashen gobe, aron kalmomin gobe zai yi ta yi. Shi ya sa nake kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo da su waiwayi ƙagaggun labaran kimiyya.

A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin Kilba, yaron da wani baƙo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Dembo ya nuna Hausa na iya ɗaukar wannan kaya. A 1968 kuwa Arthur C. Clarke ya fitar da 2001: A Space Odyssey, abokin fim ɗin Stanley Kubrick, inda kwamfuta ta juya wa masu ita baya. A karanta su tare, a kwatanta.

Muhawarar da su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka tafka a jaridu a shekarun 1990 ta fi karkata ga littattafan soyayya. Marubucin hasashe bai sami mai auna aikinsa ba, wanda kuwa ba a auna ba kasuwa yake bi.

Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da karatu da sharhi aka san ta. Gadon nan ya wajabta mana nazarin littafin Dembo a aji, da rubuta sharhinsa da Hausa.