Ra'ayinmu: A gyara ruwan shan Gawuna kafin damina ta kankama

Idan ana batun sauyin yanayi, hankali kan tafi ga kwararowar hamada da gonakin da ambaliya ta cinye. Amma a unguwanni masu cunkoso irin su Gawuna da Gama da Tudun Murtala, a Ƙaramar Hukumar Nassarawa ta Kano, illar takan bayyana ne a matsayin ciwon ciki.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, kuma masana sun tabbatar cewa duniya sai ƙara ɗumi take yi. A irin wannan zafi ƙwayoyin cuta kan hayayyafa cikin 'yan sa'o'i a fura da nono, kunun aya da tuwon da ya kwana, balle ga firji babu wuta. Rijiyoyi kuma suna ja baya, sai a koma ga 'yan garuwa ba tare da sanin inda suka ɗebo ruwan ba.

Da damina, idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatocin da leda ta toshe sai su yi ambaliya, su kwashi ƙazantar masai su zuba a rijiya. Daga nan sai amai da gudawa da taifod, kuma ƙananan yara ne kan fi galabaita.

Mun ga aya. A 2021, alƙaluman hukumar NCDC sun nuna mutum sama da 100,000 ne ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2024 ma kwalara ta ɓulla a Borno makonni kaɗan bayan ambaliyar Maiduguri.

Muna kira ga hukumar REMASAB da ƙaramar hukuma su yashe magudanan ruwa tun kafin ruwan farko. Hukumar ruwa ta jiha ta kai famfo waɗannan unguwanni, duba-gari kuma su riƙa gwada rijiyoyin da 'yan garuwa ke ɗiba, suna zuba musu sinadarin kulorin.

Iyaye kuwa, a tafasa ruwan sha, a kai jarirai riga-kafin rota, wanda aka fara bayarwa a 2022. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin cokali a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ana ba shi ana hanyar asibiti. Allah Ya ba mu damina mai albarka.