A Fito da Taswirar Jibiya Gaban Jama'arta

Tun da aka aza harsashin titin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, kowa ya san ta Jibiya zai tsallaka Nijar. Duk garin da tashar jirgi ta sauka a cikinsa, farashin fili ne ke fara tashi. Sai dillalai su shigo, gonar gado ta koma fulotai, mai ita kuwa sai ya ga turaku sannan ya ji labari. Shi ya sa muke kira ga ƙaramar hukumar Jibiya da hukumar tsara birane ta Jihar Katsina su fito da taswirar garin gaban jama'a tun yanzu: inda za a yi tashar manyan motoci, inda kasuwa za ta faɗaɗa, inda aka ware wa makaranta da maƙabarta, da inda aka hana gini.

Wannan na ƙarshen ya fi damunmu. Ba mu manta da daren nan na watan Yulin 2018 ba, da ruwa ya kwana yana zuba, ya shiga ɗakuna mutane na barci, ya ci rai fiye da 40, ya rusa ɗaruruwan gidaje. Manya sun zo jaje daga Katsina da Abuja, an raba tabarmi da buhunan abinci, an yi alkawura. Amma ruwa ba ya canja hanya saboda an yi jaje. Tsofaffin unguwannin da abin ya shafa sun san inda kwari yake, sun san magudanar da ke cika ta dawo da ruwa baya. Injiniyan da ya zo da safe ya koma Katsina kafin la'asar ba zai san wannan ba sai ya zauna ya tambaya.

Garin ma ya cika ya batse. Mutanen ƙauyuka irin su Shimfiɗa da 'yan bindiga suka tasa sun shigo da 'ya'yansu, wasu sun raɓe a gidajen 'yan'uwa, wasu a kangaye. Talakan da ba a nuna masa wurin gini ba, inda ya samu da araha zai gina, kuma fili mai araha shi ne wanda ke bakin rafi.

Za a ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma tara jama'a na jawo jinkiri. Dokar dai amana ta kira abin, kuma mai riƙon amana ba ya ɓoye wa masu ita lissafi.

Mutanen Jibiya sun gaji da hukuncin da ake yankewa daga nesa. An rufe iyaka a 2019 ba wanda ya tambaye su, aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Motoci suka yi layi a Magama da ke bakin iyaka, kasuwar Lahadi ta yi sanyi, 'yan dako suka zauna a inuwa. Wancan an ce sha'anin Abuja ne. To fili fa? Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, saboda haka uzurin rashin iko ya ragu ƙwarai.

Abin da muke nema ba shi da tsada. A manna taswirar a sakatariya da ƙofar gidan hakimi, a karanta bayaninta da Hausa a kowace mazaɓa, a kira masu unguwanni da manoma da mata da makiyayan da burtalinsu zai iya shiga cikin fulotai. Wanda za a karɓi gonarsa ya ji adadin diyyarsa kafin a kafa turke, ba bayan an kafa ba.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da shugaban ƙaramar hukumar Jibiya, ku fito da taswirar nan kafin damina mai zuwa.